Numfashin Cindo a Birnin Zuƙa

A bayan Unguwar Marke akwai wata tsohuwar rijiya mai numfashi. Ba habaici nake yi ba, numfashi take yi kamar ni da kai, sai dai nata ja ne kawai, babu fitarwa. A bakinta ba ka jin komai, lafiya lau, har tsuntsaye na sauka. Sai an yi zurfin gaba biyar ko shida a ciki sannan a san ana tare da wani abu. Shekaru aru-aru tana rufe da itace da ƙaya, har waɗanda suka san dalilin rufe ta suka ƙare, aka bar masu cewa ai camfi ne.

Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, mutanen unguwa suka ce a buɗe ta a yashe. Aka kira Barmo da ƙanensa Cindo, domin duk yankin babu mai haƙar rijiya kamarsu. Cindo magidanci ne mai 'ya'ya uku, shiru-shiru, sai ka wuni da shi bai yi maka magana goma ba. Barmo kuwa, kai! Allah ya ba shi murya. In ya yi kira daga ƙasan rijiya, mata a bakin kasuwa sai sun waiwaya. Ga shi da gaggawa, ga baƙar magana, ko da yake a ransa babu wanda yake so irin ƙanen nan nasa.

Ubansu, kafin ya rasu, ya bar musu ƙa'ida guda. Ba a shiga tsohuwar rijiya sai an kunna fitilar aci-balbal, an sa ta a ƙoƙo, an zura ta da igiya har ƙasa. In wutar ta mutu, iskar ciki ta lalace, sai a yi ta fifita da ganye har ta gyaru. In wutar ta tsaya cak, a yi bismilla a sauka. In kuwa harshen wutar ya sunkuya yana kallon ƙasa, to rijiyar da masu ita, a mayar da itace a rufe, a tafi gida.

Ranar aikin da hantsi suka iso, jama'a sun taru da tulunansu. Cindo ya tsuguna yana gyara lagwanin fitila, sai Barmo ya daka masa tsawa a gaban mutane.

"Haba Cindo! Rana na yi, mutane na jiran ruwa, kai kana wasa da fitila? Rijiyar da tsuntsu ke sauka a bakinta? In tsoro kake ji ka faɗa, in sauka da kaina."

"Yaya, ai Baba ya ce..."

"Baba ya ce, Baba ya ce! Matsoraci kawai."

Cindo ya ajiye fitilar, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka. A al'adarsu, wanda ke ciki shi ke kiran "Ja!" in yana son a fito da shi. Aka yi jim, babu kira, babu ƙarar diga. Can sai igiyar ta miƙe tamau tana rawa kamar an rataya mata bijimin sa. Maza takwas suka kama, da ƙyar da jibin goshi suka fizgo shi.

Inna lillahi! Cindo na raye, idonsa biyu, amma numfashinsa ba daidai yake ba. Cindo yana jan numfashi, haƙarƙarinsa ya ɗaga, ya tsaya a nan. Ya sake ja, ƙirjin ya ƙara tasowa. Ko kaɗan ba ya sauka. Barmo ya kara tafin hannu a hancinsa, ya ji sanyin iska na shiga, ɗumin da ya kamata ya biyo baya babu shi. Bakin Cindo na motsi, sauti bai fito ba, don ashe murya a kan numfashin fita take hawa.

Yayarsu Gwamma, wadda ta goya su duka biyun, ta ratso taron da gudu. Ta dafa ƙirjin Cindo, ta ji shi tauri kamar salkar da aka cika ta wuce misali.

"An ƙwace masa fitar numfashi," in ji ta. "Kakarmu ta taɓa ba ni labarin irin wannan. In aka kai la'asar, ƙirjin nan zai tsage. Barmo, kun zura fitila?"

Barmo ya sunkuyar da kai. Kallon da ta yi masa, gara a ce ta mare shi.

Ya ɗauki fitilar ya kunna, ya sa ta a ƙoƙo ya rataya a wuya, ya soke wuƙarsa a ƙugu, ya ɗaura igiya. Ya ce wa masu riƙon igiya, "Ko ta yi rawa, ko ta yi tsalle, kada wanda ya ja. Rijiyar nan tana motsa igiya da kanta. Sai kun ji muryata." Suka ce sun ji. Wayyo Barmo, da ya san abin da ya faɗa!

Yana wuce gaba shida harshen wutar ya sunkuya ya kalli ƙasa. Iska ta kama shi ta ƙafa tana ja, rigarsa ta manne masa. Ya so ya yi ihu, ya tuna fuskar Cindo, ya cije. A ƙasa babu ko ɗigon ruwa, sai wata ƙofa ta dutse a jikin bango, iska na kwarara cikinta. Ya kwance igiyar, ya yi addu'ar da ya iya, ya shiga da rarrafe.

Ya ɓulla wani fili fari fat, babu rana amma da haske. Ciyayi da itatuwa duk sun kwanta sun fuskanci waje guda. Tsuntsaye na buɗe baki babu kuka. Sanyi kuwa har cikin ɓargo. Ya bi inda iskar ke tafiya, har ya iso wani rami mai faɗi da aka gitta wa gada ta gashin tsuntsu, tana lilo. A bakin gadar wani aljani ne zaune, kansa ƙarami, hancinsa ya kai girman rumbu. Da ya yi magana, ciki maganar take shiga, da wani irin fito mai tayar da tsikar jiki, kuma kowace kalma sai ta fizgi iskar da ke bakin Barmo.

"Ya kai ɗan Adam, mai hura ɗumi, me ya kawo ka ƙasar da ba a mayarwa?"

"Ranka ya daɗe," in ji Barmo, "an riƙe wa ƙanena abinsa, shi na biyo."

"Kuɗin gada a nan ajiyar zuciya ce. Sauke mini ɗaya a tafin hannu."

To, mai irin damuwar Barmo ai ba ya rasa ajiyar zuciya. Ya sauke masa ita, doguwa. Aljanin ya dunƙule hannu ya kai kunci, ya lumshe ido yana jin ɗuminta kamar tsoho a bakin murhu. Barmo ya haye gadar bai yarda ya kalli ƙasa ba.

Daga nan ya hango Birnin Zuƙa. Ganuwarsa baƙa, ƙofofinta duk ciki suke buɗewa. Mutanen birnin kuwa, tabɗijam! Tun da aka halicce su suke jan iska ba su taɓa fitarwa ba, sun kumbura sun yi sumul, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Kowa an ɗaure shi da igiya a turke a ƙofar gidansa don kada ya tashi sama. Ba dariya, ba tari, ba kukan jariri. Suna ganin tururin da ke fita daga bakin Barmo suka yo kansa, igiyoyinsu na miƙewa, hancinansu na buɗewa, kowa na son ya samu ko ɗan kaɗan. Ya toshe baki da hannun riga ya ruga, fitila na bugun ƙirjinsa, har ya faɗa wani babban zaure.

A nan ya tarar da Uwar Zuƙa, sarauniyar birnin. Ta cika rabin zauren, sarƙoƙi bakwai ke riƙe da ita. Daga rufin har ƙasa goruna ne a rataye, dubbai, kowanne an toshe bakinsa da kakin zuma. Bayi na ɗauko su ɗaya-ɗaya suna kara mata a jiki.

Barmo ya zube. "Ranki ya daɗe, Allah ya ja zamaninki. Ni ne Barmo mai haƙar rijiya. Yau da hantsi an karɓe wa ƙanena fitar numfashinsa a ƙofarki. Laifin ba nasa ba ne, ni na tura shi. Na zo roƙo."

Ta yi magana, wutar fitilar ta kusa tsinkewa daga lagwaninta.

"Ya kai ɗan Adam, ku mutane ba ku san abin da aka ba ku ba. Kuna jan iska mai sanyi, ta shiga ta zauna da jininku, ta fito da ɗumi da laima, ta fito da magana da waƙa, sai ku watsar a banza. Mu ba mu da wannan, shi ya sa muke tarawa. Wanda ya shigo mana ba sallama, nasa ya zama namu. Amma tun da ka yi ladabi, zan gwada ka. In ka faɗi, naka ma ya hau rufin nan."

Aka kawo goruna biyu, iri ɗaya, nauyi ɗaya.

"Ɗaya iska ce da ba ta taɓa shiga ƙirjin kowa ba. Ɗaya ta shiga ta fito. Nuna mini wadda ta fito. Kada hancinka ko fatarka su kusanci bakinsu."

Barmo ya tsaya a gaban gorunan. Ido ba ya ganin iska, to da me zai gane? Ya duba hagu ya duba dama, sai hannunsa ya taɓa ƙoƙon da ke wuyansa. Allah sarki, fitilar da ya raina ɗazu! Ya ajiye ta a ƙasa, ya kare ta da jikinsa. Ya huda kakin goran farko da tsinin wuƙa, ya saita ramin ga wutar. Harshen ya yi rawa, ya miƙe, ya ƙara haske. Ya toshe. Ya huda na biyu, wutar ta dusashe ta tsuguna kamar za ta mutu. Ya kara ruwan wuƙarsa a ramin, ƙarfen ya yi gumi.

"Ga ta nan, ranki ya daɗe. Wadda ta fito an riga an ci amfaninta, ba ta ciyar da wuta, kuma tana ɗauke da ruwan jikin mai ita."

Sarƙoƙin sarauniya suka yi ƙara. "Ka san sana'arka. Abin mamaki, mai wannan sani ya tura ɗan'uwansa rami ba fitila. To, ga rufi nan, nemo na ƙanenka."

Maganar ta soke shi, amma babu lokacin jin zafi. Ya bi gorunan yana kara kunne, ashe kowane gora na riƙe da maganar da mai shi ya yi niyyar faɗa aka katse shi. Wani na kiran uwarsa, wani na salati, wata na kiran sunan akuyarta da ta faɗa rijiya. Barmo na tafe yana kuka, yana tunanin inda rana ta kai a can sama. A layi na ƙasa, kusa da ƙofa, ya ji wata 'yar murya da ya sani tun tana koyon magana.

"Yaya, ja!"

Ya rungume goran. "Wannan ne."

"Shi ne," in ji Uwar Zuƙa. "Amma goranmu ba ya barin ƙasarmu. A ƙirjinka za ka ɗauka. Daga nan har ka kai bakinka ga nasa, ja ya halatta gare ka, fitarwa ta haramta. In ka yi magana, ko tari, ko atishawa, ko nishi, naka da nasa sun dawo wurina. In kuwa ka kai, ka sani zai fita da abin da ya tarar a maƙogwaronka. Muryarka ba za ta sake zama taka ba. Ka yarda?"

Barmo, mutumin da ko barci yake yi sai ya yi magana. Ya ce, "Na yarda." Ya fesar da duk iskar da ke cikinsa har cikinsa ya manne, ya fasa kakin, ya kafa baki ya zuƙe.

Ya mayar da fitilar ƙoƙon wuyansa, sai gudu. Yanzu iskar gaba take yi da shi, tana tura kanta cikin hancinsa ko yana so ko ba ya so. Nan ya gane abin da bai taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwarsa. Jan numfashi aiki ne, sai ƙirji ya buɗe, haƙarƙari ya ɗaga. Fitarwa kuwa hutu ce, sakin jiki kawai, kuma ita aka hana shi. Mutanen birni suka bi shi iya tsawon igiyoyinsu suna yi masa cakulkuli da gashin tsuntsu a hanci. Atishawa ta taso, ya matse hancin har ya ga taurari, ta koma.

A bakin gada, ashe aljanin nan ya tsallako wannan ɓangaren, ya tare shi. "Ya kai ɗan Adam, ba sallama?" Barmo ya durƙusa, ya dafa ƙirji, ya wuce. Yana tsakiyar gada sai ya ji wata murya a bayansa, wadda rabonsa da ita shekara goma sha biyu.

"Barmo. Barmo! Ina kiranka kana jina?"

Muryar ubansa ce, da ɗan tarin nan nasa da komai. A gidansu ba a taɓa kiran ɗa sau biyu ba. "Na'am" ta zo har kan harshensa, ta bugi haƙoransa. Ya cusa hannu a baki ya ciza har jini ya fito. Muryar ta koma lallashi, ta koma kuka, ta ce ashe haka zai yi wa mahaifinsa. Barmo na tafiya hawaye na zuba, kuma ko kukan ba shi da ikon yi da sauti.

Ya ratsa filin, ya shige ƙofar dutse, ya faɗo ƙasan rijiya. Ƙirjinsa ya taso har ba ya ganin ƙafafunsa, kunnuwansa na ƙara, idanunsa kamar za su zazzago. Ya ɗaura igiya, ya jijjiga ta. Shiru. Ya sake fizga da ƙarfi. Daga can sama ya ji muryar wani dattijo.

"Kada ku ja! Ya ce sai mun ji muryarsa. Masu rijiyar ne ke son su yaudare mu."

Kai, jama'a! Bakinsa ne ya tura Cindo, ga shi kuma bakinsa ya rufe masa hanya. Ya ɗaga kai, ya ga hasken rana ya bar tsakiyar rijiya ya hau bangon gabas, la'asar ta gabato. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da sama, "Ja," ga ta a bakinsa, kuma in ya faɗe ta komai ya ƙare. Ya gwada hawa da ƙafa, bangon ya zame. Duhu ya fara rufe masa ido. Cikin ransa babu abin da yake nanatawa sai magana guda da yake son faɗa wa ƙanensa, wadda ya san ba zai taɓa samun faɗa ba.

Da sauran ƙarfinsa ya ciro fitilar daga ƙoƙo, ya ɗaga ta sama da kansa, ya juya ta sau uku, yadda ubansu ke yi in ya gama duba rijiya yana nuna wa na sama lafiya.

Gwamma ce ke leƙe a bakin rijiyar, ba ta ɗaga ba tun saukarsa. Ta ƙwalla ƙara.

"Ku ja! Wallahi Barmo ne, juyin Baba ne wannan! Ku ja, na ce!"

Suka ja. Barmo ya fito fuskarsa ta yi baƙi, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Mutane na tambayarsa, ya ture su, ya ja jiki zuwa gindin marke inda aka kwantar da Cindo. Ƙirjin Cindo ya yi sheƙi, fatar har ta fara tsagewa, idanunsa sun juye. Barmo ya toshe masa hanci, ya haɗa baki da nasa, ya saki.

Ya daɗe yana hurawa. Ya ji abin na fita da zafi, yana kankare masa maƙogwaro, har bai bar komai ba. Ya faɗi gefe.

Sai ƙirjin Cindo ya motsa, ya fara sauka a hankali, iska mai ɗumi na fita har tana kaɗa gefen zanen Gwamma. A kan iskar nan wata 'yar murya ta fito, tasa ta kansa, wadda aka tsare tun hantsi.

"Yaya, ja!"

Mata suka fashe da kuka. Amma numfashin bai ƙare ba. A bayansa, daga bakin Cindo ɗin dai, wata murya ta biyo, babba, wadda duk Unguwar Marke babu wanda bai san ta ba, har tsuntsayen kan marke suka watse.

"Cindo, ka yafe mini."

Wannan ne ƙarshen jin muryar Barmo a duniya. Cindo ya ja numfashi, ya fitar, ya sake ja, ya fitar. Ya juyo ya dubi yayansa da ke kwance yana buɗe baki babu sauti. Ya miƙa hannu ya kama nasa.

"Na yafe, Yaya. Tun ina ciki na yafe."

Kafin rana ta faɗi aka mayar da itace da ƙaya aka rufe rijiyar, aka ɗora dutse. 'Yan'uwan nan sun ƙara shekara ashirin suna haƙa tare. Kowace rijiya Barmo ne ke kunna fitila ya zura da hannunsa, kuma shi ke fara sauka. In ya gama, sai ya ɗaga wutar ya juya ta sau uku, Cindo da ke tsugune a baki ya waiwaya ya ce wa masu igiya, "Yaya ya ce ku ja."